Ranar da Anka Sa Ni Ƙidaya Shanun Ubana

Wani malami ya tsayar da ni gaban 'yan aji, ya tona asirin gidanmu da sunan wasa, sannan ya sa anka kore ni daga lakwal, wato makarantar boko. Abin da ya yi mini ke nan, ban ƙara masa ba, ban rage ba. Yau gemuna ya yi fari, na binne iyayena duka biyu, na manta fuskokin mutane da yawa da sunka yi mini alheri, Allah ya yafe mini. Amma wanga abu, ko daga barci anka tashe ni sai in kawo shi daki-daki. Ba zan kira sunan mutumin ba, ba zan kira sunan makarantar ba. Shi ya san kansa.

Mu Filani ne, rugarmu tana arewa da Sanam. Innata ta ce an haife ni shekarar da anka ɗaga tutar ƙasa. Ba da son ubana na shiga lakwal ba. Gardi ne, dogarin gwamnati, ya zo bisa doki ya ce kowace ruga ta ba da yaro guda. Baba ya ɓoye ni kwana uku cikin garke, ƙarshe dai anka kamo ni da kashin shanu a ƙafa. Abin mamaki, sai ga shi ina da kai. Shekara shida ban taɓa maimaita aji ba, har na ci jarrabawar shiga kwaleji.

To shekarar da na ci jarrabawar, ita ce shekarar babban fari. Wanda bai gani ba kada ya ce zai gane. Damina ta zo ta wuce ba ta jiƙa ƙasa ba. Baba ya kora garke kudu yana bin kwarin Dallol, yana saran rassan gawo yana ba su, har ya yaye ciyawar bukkarmu ya zuba musu. Sunka dinga faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Saniya ta durƙusa, ka ɗaga ta, ka tokare ta da sanda, gobe ka iske ta kwance ungulu na jira.

Kuma ba namu kaɗai ne cikin garken ba. A ƙasar Kurfai tun kaka da kakanni manomi yakan ba makiyayi shanunsa amana. Mu sha nono, shi kuma da rani mu sauka gonarsa ya samu taki. In saniyar amana ta mutu, ka'ida ce ka yanke wutsiyarta ka kai wa mai ita, ya gani da idonsa, magana ta ƙare. Baba ya dawo daga kudu ba ko maraƙi, sai sandarsa da burgami cike da busassun wutsiyoyi. Ni na raka shi, gari-gari, gida-gida, yana ajiye wa kowa nasa.

Gida na ƙarshe na wani babban manomi ne, wani ƙauye kusa da Filinge. Wutsiya bakwai Baba ya jera masa bisa tabarma a zaure. Tsohon ya dube su, ya share ido da bakin rawani, ya ce na Allah ne, Allah ya mayar mana da alheri gaba ɗaya. Amma gefe guda akwai ɗansa zaune bisa kujera, saurayi mai wando da tabarau, an ce bai daɗe da dawowa daga karatu a Yamai ba. Ya sa tsinin takalmi ya ture wutsiya guda.

“Wa ya san ko na shanun wani ne?” in ji shi. “Wa ya san ko namu suna can kasuwar Najeriya?”

Tsohon ya daka masa tsawa. Baba ya ɗauki burgaminsa fanko, ya yi sallama, munka fita. Mun yi tafiya mai nisa kafin ya buɗe baki, kuma bai dube ni ba da ya yi maganar.

“Da can na ƙi lakwal ɗin ga taka. Yanzu ita ce garkenka. Ka riƙe ta da kyau.”

Da wagga magana na tafi kwaleji. Ba ni da takalmi, rigata guda, amma ina jin kamar da garke na shiga garin.

Ajinmu taron baƙi ne. Ga 'yan Tabla, ga Zabarmawa daga wajen Damana, ga 'ya'yan ma'aikata masu takalmi da safa, ga mu 'yan daji mu biyu ko uku. Kowa ya maƙale jikin nasa, ba mai yi wa wani magana. Faransanci mun saba da shi, amma Ingilishi ba wanda ya taɓa jin ko kalma guda, sai a rediyo. Rana ta uku anka ce yau mushen Ingilishi, wato malamin, zai shigo. Munka miƙe tsaye. Ƙofa ta buɗe, sai ga mai tabarau, shi ɗin dai, har da takalmin da ya ture wutsiya. Da yana kiran suna ya zo kan nawa, ya ɗaga kai ya dube ni ta saman tabarau, ya ɗan daɗe, sannan ya wuce.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi: mutumin ya iya koyarwa. Ya ce ba za mu buɗe kaye mu yi rubutu ba yau, wasa za mu yi don mu san juna, sabuwar dabara ce da sunka koyo a Yamai. Munka tura tebura jikin bango, munka yi da'ira. Ya fito da ƙwallo daga aljihu, ƙodagon goriba ne ya nannaɗe da tsumma. Ya rubuta magana biyu a allo, munka yi ta maimaitawa. Wanda anka jefa wa ƙwallo ya cafe, ya faɗi sunansa da garinsu da Ingilishi, ya jefa wa wani wanda bai sani ba.

Wallahi na ji daɗin wasan nan. Wani Bazabarme ya cafe ya ce “mai nem iz” sai sunan nasa ya ɓace masa, aji ya kwashe da dariya har shi ma. Wata yarinya 'yar likita ta jefa ƙwallo ta taga. Da ya zo kaina na faɗi nawa tsaf, Mushe da kansa ya ce “gud”. Na jefa wa wani gajeren yaro ɗan Tabla mai wushirya, shi kuma ya matso kusa da ni ya tsaya, muna ta zungurar juna. Cikin rabin awa na san sunan mutum ashirin. Da a nan abin ya tsaya, da yau wataƙila ni ma mushe ne, ko wani abu cikin biro, wato ofis, da fanka bisa kaina.

Sai ya ce saura zagaye na biyu. Ya koya mana ƙidaya daga ɗaya zuwa goma, da sunan saniya da raƙumi da akuya da gona. Yanzu wanda ya cafe zai faɗi sunan ubansa, da abin da uban yake da shi, da guda nawa ne.

Wanda ba namu ba zai ce mene ne a ciki. To mu ɗa ba ya kama sunan ubansa da bakinsa, balle cikin taro. A rubuta a takarda, wani ya kira, wannan ruwansu. Kuma mu ba mu ƙidaya shanu. Baba bai taɓa cewa shanuna kaza ba. Ya san kowace da sunanta da launinta da uwar da ta haife ta, in guda ta ɓace da kallo ɗaya zai gane. Amma a buɗe baki a ce guda kaza ne, wannan jawo musu baki ne, kuma rashin kunya ne. Da baƙo ne daga wata ƙasa ya tambaye ni, da tuni na yafe, don bai sani ba. Wanga ɗan Kurfai ne. Da nonon shanun da ke hannun Baba anka yi masa fura har ya girma. Ya san abin nan kamar yadda ya san hanyar gidansu.

Ƙwallo ya fara yawo. Yara sunka gane ashe ba mai zuwa ya bincika, sai ƙarya ta ɓarke. Ɗan wani tela ya ce ubansa na da raƙumi goma, anka yi ta ihu. Ɗan Tabla ya lura da ni ina zufa, ya raɗa mini a kunne.

“Kai, mi ya same ka? Ce goma kawai ka huta. Wa za shi tahiya rugarku shi duba?”

Na so in yi haka. Amma wa zan yi wa ƙaryar? Mutumin da ya ga burgami da idonsa? In na ce goma, na tabbatar masa da zarginsa cewa Baba ya ɓoye shanu. In na faɗi gaskiya, na tsiraita ubana gaban 'ya'yan mutane. Ina cikin wanga tunani wani ya jefa wa Mushe ƙwallo. Bai duba kowa ba, ya juyo ya jefo mini. Na cafe.

Na matse ƙwallo da hannu biyu.

“To, ɗan Hillani, muna saurare. Sunan tsoho.”

Na sunkuyar da kai. Ya faɗi sunan Baba da kansa, tsirara haka, ba malam ba komai, kamar yana kiran yaron gidansu. Ya ce wannan ya taimake ni, saura shanu.

“Hau meni?” Wato guda nawa. Ya ɗaga yatsu. “Wan? Tu? Hau meni?”

Ɗan Tabla, Allah ya saka masa, ya ɗaga hannu. “Mushe, su ba su ƙidaya shanu. A ba shi wata tambaya.”

“Wa ya tambaye ka? Nan lakwal ce, ba ruga ba.” Ya koma Hausa ke nan, don kowa ya ji da kyau. “Ku bar shi, ba al'ada ta hana shi ba. Abin ƙidayar ne babu. Ni in gaya muku, na san gidansu. Ubanai ba shi da saniya, wutsiya gare shi, burgami guda. Har namu ya kawo muna wutsiyarsu, nama kuwa Allah kaɗai ya san inda ya tahi.”

Ya ɗauki alli ya je allo, ya zana wani ƙaton zobe, ya bi shi sau biyu don ya yi kauri. Ya ce ga lambar da ya manta bai koya mana ba, ga kuma mai ita. Ya ce kowa ya maimaita: ziro. Aji ya amsa, ziro. Ya ce bai ji ba. Ziro! Wasu na dariya, wasu sun sunkuyar da kai, don ba ni kaɗai ne fari ya ci gidanmu ba. Amma sun faɗa. Yaro ba ya ƙin abin da mai alli ya ce.

“To, jeho ƙwallo, Ziro. Wasa shina ci gaba.”

Na jefa. Ni da na tashi ina jifar kura da dutse daga nesa, ban yi kuskure ba. Ƙodagon ya same shi tsakanin ido da hanci, tabarau ya tarwatse, jini ya zubo bisa farar rigarsa. Ban gudu ba. Ina nan tsaye har sarbeya, mai kula da horon ɗalibai, ya zo ya ja ni da kunne.

A biron darakta Mushe ne ya yi bayani, da auduga a hanci, cikin Faransanci mai santsi. Ya ce wasan sanin juna ne kawai, kowa ya amsa cikin raha, wanga ne ɗan daji da bai san wasa ba. Darakta, wani dattijo daga gabas, ya juyo gare ni ya ce me anka yi mini. Har sau uku ya tambaya, kuma na ga alamar yana son ya ji. To me zan ce? In sake faɗin abin da anka faɗa a kan Baba, da bakina, gaban wani babba? In ce ubana ba shi da komai, kuma ana zarginsa da cin amana? Harshena ya ƙi. Shekarata goma sha uku, kunyar da anka raine ni da ita ta hana ni. Shi kuwa Mushe ya san ba zan faɗa ba. Wannan shi ya fi ƙona mini rai har yau. Da al'adar tamu ya kama ni a aji, da ita kuma ya rufe mini baki a biro.

Anka tambayi 'yan aji, sunka ce wasa ne. Ɗan Tabla kaɗai ya fara magana, sarbeya ya ce ya rufe baki in ba ya son ya bi ni. Kafin azahar an miƙo mini takardar kora. Kwana uku na yi a kwaleji. Uku.

Na iske Baba gindin wata aduwa yana tufka igiya, ko abin da zai ɗaure da ita babu. Labari ya riga ni zuwa, a bakin masu zuwa kasuwa. Na durƙusa na gaishe shi. Bai tambaye ni tabarau ba, bai tambaye ni takarda ba.

“Ka ƙidaya musu?”

“A'a, Baba.”

Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da tufka. Can ya ce in je in sha ruwa. Bai zage ni ba, bai yaba mini ba, bai ƙara tada maganar ba har ya bar duniya. Garke biyu ya rasa cikin shekara guda, na biyun kuwa ba fari ya kashe shi ba.

Ba zan cika ku da abin da ya biyo baya ba. Na yi dako, na yi kiwon shanun wasu, na bi su da ƙafa har kudu ban san sau nawa ba. Sunan nan kuma ya bi ni. Yaran ajin sun kai shi garuruwansu, har yau a kasuwa akwai masu ce mini Ziro, suna zaton sunan wasa ne na ƙuruciya. Wasu 'yan ajin sun zama likitoci, wasu manyan ma'aikata. Ba su fi ni kai ba, na rantse. Ni da ƙyar nake haɗa wasiƙa, wanga rubutu ma ya ɗauke ni kwanaki. Sannu a hankali dai na haɗa 'yan shanuna, mutane sunka dawo suna ba ni amana kamar yadda sunka ba Baba, na kuma zama dillali a kasuwar dabbobi ta Filinge.

Wasan kansa ban ƙi shi ba. 'Yata ta dawo daga kwaleji wata rana tana ba ni labari, malamarsu ta sa sun yi da'ira suna jefa ƙwallo, kowa na faɗin sunansa da abincin da ya fi so. Na ce madalla, wannan malama ta san aikinta. Tambayi yaro abin da zai iya faɗa kansa a ɗage. Wanda zai buɗe bakin yara cikin taro, ya fara sanin abin da sunka baro a gida. In kuwa ya sani ya yi da gangan, wannan ba malami ba ne, ko takardunsa sun kai bisa rufi.

Wata ranar kasuwa, da hantsi, ina cikin turke ina duba bakin wani bijimi, sai wani abokin dillanci ya ƙwala mini kira.

“Ziro! Ga wani dattijo shina biɗar mai amana. Na ce mishi in ba kai ba, babu.”

Na juyo. Tsoho ne cikin babbar riga, da sanda, da tabarau mai kauri. Tabon yana nan gefen hanci, ɗan fari. Ya miƙo hannu yana murmushi, ya ce ya aje aiki, yana son ya sayi karsana huɗu ya ba wani amintacce ya riƙe masa, kowa kuma sunana yake kira. Sai ya tsaya, ya ƙura mini ido.

“Tsaya. Ziro? Kai ne yaron nan? Allahu akbar! Ashe sunan ya bi ka!” Ya yi dariya har da tari, ya shafa tabon. “Ka ga shaidarka nan. Ai ƙuruciya ce, ni na daɗe da yahe maka. Wasa ne fa, don ku san juna, kai ko ka ɗauka da zahi.”

Wai shi ya yafe mini. Na saki bakin bijimin, na goge hannuna a riga, ban karɓi nasa ba. Mutane sun fara taruwa, ban rage murya ba.

“Mushe, ka yi mini tambaya cikin aji ban ba ka amsa ba. Yau ka tsaya ka ji. Shanunku da kake zargi, su sunka mutu ƙarshe. Ka san don mi? Don Baba ya hana namu ciyawar bukkarmu ya ba naku, ya ce namu namu ne, naku amana ce. Jar nan mai karyayyen ƙaho, wadda anka yi maka hura da nononta, kwana biyu ya yi shina ɗaga ta da kahwaɗa. Da ta mutu ya yi tahiyar kwana tara da ƙahwa don ya kawo muku wutsiyarta. Ubanka ya sani, shi ya sa ya yi hawaye. Kai ka sa takalmi.”

Ya buɗe baki, na ɗaga hannu.

“Ban gama ba, yau ni ke riƙe da ƙwallo. Ka san ba mu ƙidaya, ka san ba ni iya ƙarya gabanka, ka san ba ni iya hwaɗi gaban darakta. Duk ka sani, ka zaɓe ni. Abu guda ya rage wa tsohon nan a duniya, karatuna, ka karɓe shi don 'yan aji su yi dariya. Yanzu ka zagaye kasuwar ga duka kana tambayar wa ke da amana, anka kawo ka wurin ɗan mutumin da ka kira ɓarawo. Ka ce wasa ne don mu san juna. To ni tun rannan na san ka sarai. Kai ne har yau ba ka san ko ɗan wa nike ba. Kai shanunka gaba, Mushe. Ni ba ni kai wutsiya gidanka.”